Hannun Faranshi

Da can in gari ya waye a Sabon Birni, kunne ya san abin da zai ji, ya kuma san wanda zai biyo wani. Kiran salla ne farko, sai tarin dattawa da gaishe-gaishensu a hanyar komawa daga masallaci, sai lugude ya tashi daga bayan danga, mata biyu ko uku a turmi ɗaya, sai kukan jakunan masu zuwa fadama. Mota kuwa ba ta da yawan da za ta ruɗa mutum, kuma kowace da muryarta. Ina kwance a zauren mahaifina nakan gane ta maigidana, direban da ya koya mini tuƙi, tun tana hawowa daga gulbi, don in an sauke mata giya tana da wani nishi irin na tsohuwar da za ta tashi daga tabarma. Yanzu tun liman bai sallame ba babura sun fara. Ba ka bambance na wane da na wane, duk kuka ɗaya suke yi, kukan abin da ake matsa wa fiye da ƙarfinsa. Masu hawansu kuma yara ne, waɗansu ko gemu bai tsiro musu ba, sun ɗora buhu a baya da mutum bisa buhun, sun cire madubi wai yana ɓata wa babur kyau. Zauren mai ɗori na unguwarmu ya fi teburin mai shayi cika, kuma in ka leƙa ba ka ganin sa'ana a ciki, sai jikokinmu kwance da kara ɗaure a ƙafa.

Cikin wannan kuka ne jikana yake son shiga, ni kuma na ɗaure makullin babur ɗinsa a tazugen wandona. Ɗan 'yata ne, shi ne babba a ɗakinta. Sun baro Gatawa ne lokacin da zuwa gona ya zama sai wanda ya shirya rasa ransa. Mahaifinsa ya riga ya rasu, don haka suka dawo gidana da 'yan buhunan gero da sa ɗaya. Shi wannan sa uwar ta sayar, aka sayo babur na hannu don yaron ya yi kabu-kabu ya ciyar da ita da ƙannensa. Ban hana sayen ba, don ba ni da abin da zan ba su a madadinsa. Abin da na hana shi ne ya hau titi washegari kamar yadda ya shirya.

"Kaka, ba ni makulli mana," in ji shi. "Na iya, wallahi na iya."

Na ce, "Wa yak koya maka?"

"Wa ka koyon babur, Kaka? Ai hawa kawai na. Abokina ya ba ni nashi, na zagaya hilin ƙwallo ban hwaɗi ba."

"To madalla, ka iya zagaya hili. Ran da anka hwara biyan mutane don zagaya hili, zo ka amshi makulli."

Uwar tana tsaye a bakin ƙofa da faifai a hannu. Ta ce, "Baba, geron da munka taho da shi ya kai gindin buhu. Ka ba shi abinai shi hita nema."

Gaskiya ta faɗa, kuma maganar ta yi mini ciwo. Amma in aka kawo yaron nan a kwance, babu sa, babu babur, babu mai nema, kuma ita ce za ta zauna tana yi masa fifita. Na ce ta ƙara haƙuri, sai na koya masa. Ta juya ta shige ciki. Na zauna a zaure ina jin nauyin ɗan ƙaramin makullin nan a ƙuguna, sai zuciya ta koma da ni wurin maigidana.

Ni ban tashi da son hauya ba, mahaifina ma ya gane haka da wuri. Ranar da ya gaji da ganina ina jingine a gindin gawo ana noma, sai ya sayi goro ya kai ni wurin wani direba da ke da babbar mota mai bodin katako, wadda ke kai kaya kasuwannin ƙasar nan har ta tsallaka Maraɗi. Dogon mutum ne maigidana, da tsagen Gobir a kumatu har zuwa kunne, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Na zo da zaton gobe zan riƙe sitiyari. Abin da ya miƙa mini shi ne waigi, wato guntun icen da ake tokare taya da shi in mota ta tsaya a gangare. Da shi na kwana da shi na tashi. In mota ta fara nishi a tudu, in diro da gudu in cusa shi bayan taya. In ta kafe a yashi, in tone da hannu in shimfiɗa zana da itace. Ni ne ɗebo ruwan lagireto a gulbi, ni ne murɗa ƙarfen tada inji da asuba har kafaɗa ta yi tsami, ni ne ɗaurin kaya. Wurin zamana can bisa buhuna, tare da kaji da tsofaffi masu tsoron faɗuwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta same ni da waigi a hannu.

Da ya fara kirana in zauna gaba, na ce to yau Allah ya yi. Ashe ba tuƙi zai koya mini ba tukuna, kallo zai koya mini. Muna cikin tafiya sai ya ce, "Mi kag gani?" In ce na ga jaki. Ya ce, "Kowa ya ga jaki. Kunnuwa nai ina sunka nuhwa?" Daga gare shi na san jakin da ya kwantar da kunne baya ba ya nan zai tsaya ba. In akuya ta tsallaka, kada ka bi ta da ido, dubi inda ta fito, 'yarta na tafe. In yaro ya fito da gudu daga lungu, akwai wanda ya koro shi. Mace mai tulu a ka ba ta iya waigowa da sauri, don haka tun daga nesa ake yi mata hon, in ka bari sai ka zo kusa ka firgita ta, cikin hanya za ta faɗo. Raƙumi kuma ba a yi masa hon ko kaɗan. Waɗannan abubuwa ba a rubuce suke ba a ko'ina, a bakinsa suke, yana faɗinsu yana tauna goro, ni kuwa ina ta ƙunci a raina don na ga sa'o'ina sun fara tuƙi.

Ko da ranar hawa kujerarsa ta zo, da birki ya fara ni. Ya kai motar wani fili mai ɗan gangare bayan gari, ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa can gaba, ya ce in saki mota ta gangara in tsayar da ita kafin taya ta taɓa hular. Na take ta ta koma kamar masa. Ya tako a hankali. Ya ɗauka ya kakkaɓe ya sa a kansa haka nan a lotse, ya shiga kasuwar Isa da ita, duk wanda ya tambaye shi sai ya nuna ni da haɓa ya ce aikin yaronsa ne. Kunyar ranar nan ta fi bulala. Na yi ta gangara ina tsayawa, babu kaya, da rabin kaya, da cikakken lodi, har ƙafata ta gane cewa motar da ke ɗauke da gero ba ta tsayawa inda marar kaya ke tsayawa. Sai bayan nan ya nuna mini totur.

A cikin sa'o'in nan nawa da suka riga ni akwai Gajere, wanda muka yi wankan gulbi tare tun muna ƙanana. Wani ɗan kasuwa a Isa ya sayi mota ba shi da direba, ya ga Gajere da kaifin ido da zafin nama, rani ɗaya ya damƙa masa ita. Kuma a gaskiya hannunsa na da kyau. Yakan shigo tasha da ƙyalle ɗaure a wuya, yana buga hon kamar mai kiɗa, 'yan mata masu fura suna kiran sunansa. In ya gan ni da waigi sai ya ce, "Har yanzu icce kaka tuƙi?" Na yi kishinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Hanyoyin kudu yake bi, Isa zuwa Shinkafi da Bafarawa, bai taɓa tsallaka iyaka da mota ba.

Yaran yanzu ba su san cewa a zamanin nan mu hannun hagu muke bi ba, irin na Ingilishi. Mutanen Nijar kuwa, da muke ce wa Faranshi, dama suke bi. Mutanen iri ɗaya ne, harshe ɗaya, tsage ɗaya, gwaggona ma a can take aure, motocin ne kawai ke da hannu biyu. Doka ta ce in kana ƙasarsu ka bi nasu, in suna tamu su bi namu. Amma in an wuce Tsamaye aka nufi arewa, hanyar ba ta wuce sawun taya biyu cikin yashi ba, kuma ba wani allo da zai ce maka nan ƙasa ta ƙare wata ta fara. Gero ne a hagu, gero a dama. Wata rana maigidana ya tsuguna a inuwar mota, ya cire takalmansa ya sa su suna fuskantar juna a ƙasa.

Ya ce, "Wanga mu na, mun nuhi arewa. Wanga Bahwaranshe na, shina tahe kudu. Kun haɗu ba shiri. Ina za ka kauce?"

Na ce, "Hagu, Maigida."

Ya tura takalmi ɗaya yamma. "Shi hwa?"

"Dama."

Ya tura ɗayan, shi ma sai ya yi yamma, suka haɗa baki. Na daɗe ina kallon takalman nan. Hagun mai zuwa arewa da daman mai zuwa kudu ashe wuri ɗaya ne.

Ya ce, "In tsoro yaz zo, hannu ba ya tambayar ko wace ƙasa ta. Inda yas saba shika zuwa. Don haka a hanyag ga, in ka hangi mota, kak ka zaɓi hannu. Taka birki ka tsaya cik, bar shi shi zaɓa, sannan ka bi inda yab bari."

Ya sa takalmansa ya tashi. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Da kaka ne abin ya faru, an yanke gero, gyaɗa ta fara shigowa kasuwa. Mun yi lodin goro da atamfa za mu Maraɗi, ni ke tuƙi, maigida na gefena. Mun wuce Tsamaye da hantsi sai na ji hon mai kiɗa a bayana. Gajere ne, an ba shi lodin arewa karo na farko, mutane cike bisa kaya. Na matsa masa ya wuce. Maigidana, wanda ban taɓa ganin ya yi gaggawa ba, ya fitar da rabin jikinsa ta taga yana kaɗa hula yana kira ya tsaya ya gaya masa maganar hannun Faranshi. Gajere ya ɗauka gaisuwa ce. Ya ɗaga hannu, ya ƙara buga hon, ya yi gaba. Maigida ya dawo ya zauna ya ce, "Ƙara wuta." Ranar ce kaɗai na ji wannan kalma a bakinsa. Na ƙara iya abin da motar za ta ɗauka, amma tamu tsohuwa ce kuma lodinmu ya fi nasa nauyi, muna gani ya ɓace bayan wani tudu.

Ba mu ji ƙarar ba. Da muka hau tudun muka gangaro, abin da na fara gani shi ne hanya fayau, babu komai a kanta, ko amalanke za ta wuce ba ta taɓa kowa ba. Motocin biyu suna can gefen yamma cikin kututturan gero, sun haɗa goshi, tururi na tashi. Buhunan gyaɗar Faranshi sun fashe sun rufe ƙasa. Da farko shiru, har ina jin kukan kurciya, sannan wata mata ta fara kiran sunan ɗanta. Muka shiga ɗaukar mutane, mu da manoman da suka sheƙo daga gonaki. Waɗansu mun shimfiɗa su a inuwa mun ba su ruwa, waɗansu kuwa mun rufe su da atamfar da muka ɗauko za mu sayar. Gajere yana cikin motarsa ƙarfe ya danne masa ƙafafu, idonsa biyu, yana ta faɗin magana ɗaya: "Na ba shi hanya. Wallahi na ba shi hanya." Direban Faranshi, dattijo ne mai furfura, yana zaune a ƙasa riƙe da kansa jini na bin yatsunsa, shi ma abin da yake faɗa ke nan.

Bayan mun sauke kayanmu mun ɗora masu rauni, kafin mu juya, maigida ya kama ni a wuyan hannu ya ja ni kan hanya. Ya nuna mini sawun tayoyi a yashi. Na Gajere ya taho miƙe ya lanƙwasa hagu, lanƙwasa mai kyau, irin ta wanda ya iya sitiyari. Na ɗayan ya taho miƙe ya lanƙwasa dama. Ya ce in duba ko zan ga inda taya ta ja ƙasa. Na duba sama da ƙasa ban gani ba.

Ya ce, "Dut su biyu sun bi hannunsu. Ba wanda yat taka birki."

Na ce ba zan iya tuƙa mu gida ba. Ya ce ni zan tuƙa, kuma a hankali, don akwai masu karaya a baya. Haka na kawo su Sabon Birni ina kauce wa kowane rami, ina jin nishinsu ta bayan katako.

Gajere ya rayu, amma ƙafafun ba su rayu ba. Ya koyi ɗinkin hula, ya samu rumfa a kasuwar Isa, a nan ya tsufa. Duk ranar da na kai lodi nakan zauna wurinsa mu sha fura. Bai taɓa ƙullatar kowa ba, tsiyarsa ma ba ta ragu ba, har ya rasu yana kirana mai tuƙin icce. Sau ɗaya ne ya taɓo zancen. Yana zare a allura, bai ɗago ba, ya ce, "Ka san abin da ka ba ni mamaki? Ashe magana guda ta. Ba wanda yah hwaɗa mani." Daga baya gwamnati ta mai da ƙasar duka hannun dama, aka yi ta shela a rediyo, mu da Faranshi muka zama hannu ɗaya. Na yi murna, na ce wannan masifa ta ƙare. Ban san zan rayu in ga zamanin da yaro zai hau inji ba wanda ya taɓa gaya masa akwai wani abu wai shi hannu.

Shi ya sa na riƙa fita da jikana filin idi kowace safiya, yana tura babur ina biye da sanda. Ni ba ni da hular banza, gwangwanin madara na ajiye masa, ya kuwa take gwangwanaye har yaran unguwa suka riƙa tara mana su. Babur ba mota ba ce, na sani, sai da na je wurin wani tsohon makanike ya nuna mini abin da ban sani ba, na dawo na nuna wa yaron. Birkin gaba shi ke tsayar da babur a kwalta, amma a yashi shi ke kayar da mutum, a nan na baya ake lallaɓawa. Na sa shi ya tsaya shi kaɗai, ya tsaya da buhun ƙasa a baya, ya tsaya da ƙaninsa bisa buhun. Madubin da ya so cirewa na ce in ya taɓa shi ya taɓa ni. In mun taso sai mu bi ta kasuwa a ƙasa, in riƙa tambayarsa abin da ya gani, yana amsawa yana kumbure-kumbure. Abokansa na wucewa a guje suna yi masa ihu wai ɗan makarantar Kaka. Uwar kuma ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida, ƙaurin man nan kullum yana shigo mini zaure kamar sammaci. Har maƙwabta sun fara cewa tsohon nan ya cika taurin kai, yara na jin yunwa ya rungume makulli.

Wata safiya yaron ya kashe inji ya dube ni. Ba tsiwa a fuskarsa, tambaya ce ta gaske.

"Kaka, kullum kana ce mani in tsaya, in tsaya. Zamaninku wa ka tare hanya da bindiga? Yanzu wanda yat tsaya shi aka kamawa. Mu da munka hito Gatawa gudu yah hisshe mu."

Maigidana bai san wannan hanya ba, ni ma ban tuƙa a cikinta ba. A zamaninmu in mota ta lalace a daji, mutanen ƙauye ne ke kawo maka tuwo. Na kwana biyu ina juya maganarsa. Sannan na ce masa ba zan ce kada ya gudu ba in ranar gudu ta zo, Allah ya sa kada ta zo. Amma ya tuna waɗanda suka gudu tare da su, ya gaya mini su wa aka fara cim ma. Ya yi tunani ya ce waɗanda suka faɗi a yashin rafi. Na ce to, wanda zai gudu ya fi kowa bukatar sanin inda babur ke kayar da mutum. Kuma ranakun da ba kowa a bayansa sun fi yawa, a cikinsu ne yara ke karyewa, suna gudun abin da bai koro su ba. Bai ce na yi gaskiya ba, amma daga ranar ya daina kumburi, har shi ke tashina in na makara.

Ranar kasuwar Isa na ce ya fito da babur, ni zai kai. Uwar ta saki matsamin ƙosai ta ce, "Baba, da tsuhwanka?" Na ce in ban yarda ya ɗauke ni ba, da wane ido zan bari ya ɗauki ɗan wani. Muka jira ayarin motoci da babura da ke tafiya tare saboda halin hanya, muka bi tsakiyarsu. Rabona da hanyar nan an daɗe. Gonakin da na sani cike da mutane da kaka waɗansu sun koma sabara, ƙauyuka biyu na gani ba hayaƙi. Yaron yana tafiya daidai, ba ya manne wa motar gabansa, kuma ina ganin kansa na ɗan juyawa wajen madubi. Ban yaba ba, ban kuma gyara ba.

Akwai wata kwana inda ruwa ya cinye kwalta ya bar yashi, ga geza ta rufe gaba. Muna shiga sai ga wani yaro ya ɓullo a guje da jarkoki ɗaure hagu da dama, a kan hannunmu sosai, yana kauce wa rami. Kafin in ce ya tsaya, har ya taka birki. Na ji babur ɗinmu ya saki kuka, bayansa ya ɗan zauna, ƙafar jikana ta sauka ƙasa, muka tsaya cik. Mai jarkokin ya firgita, ya yi tangal-tangal, ya fizge ta gefen gezar, daidai inda duk mai kaucewa zai kauce. Jarkarsa ta shafi gwiwata ya wuce, ko waigowa bai yi ba. Muka tsaya nan, inji na bugawa a hankali.

Jikana ya ce, "Kaka, saki rigata, za ka yaga ta."

Sai a sannan na ga na cukuikuye rigar da hannu biyu. Na saki, muka ci gaba.

A bakin kasuwar Isa na sauka da kyar, ƙugu ya riƙe. Ya tambaye ni inda zai jira ni. Na ce ba zai jira ni ba, ni mota za ni bi in koma, shi ya tafi ya nemi abin da zai kai wa uwarsa, kuma la'asar ta yi masa a gida. Ya dube ni kamar bai ji ba. Kafin ya sami abin cewa, wata mata ta matso da goyo a baya da ƙullin tattasai a hannu, tana neman mai kai ta wata unguwa bayan gari. Ta dubi yaron, ta ga ƙuruciyarsa, ta gyara majanyinta ta juyo wurina.

"Baba, don Allah yaron ga ya iya? Ka ga goyo gare ni."

Na dubi kan jaririn da ya leƙo daga zane, ko gashi bai gama fitowa ba. Na dubi jikana, shi ma ni yake kallo.

Na ce, "Ni yak kawo tun daga Sabon Birni. Hau, ɗiyata."

Ta hau. Ya jira ta gyara zama, ya dubi madubi, ya bar wani mai amalanke ya wuce, sannan ya ja a hankali ya shiga cikin sauran. Na bi kukan babur ɗin da kunne har na kasa bambance shi da na kowa. Daga nan na nemi gindin wata rumfa na zauna.